Kun Sa Hular Bama, Kun Manta Da Mutanen Bama

Da farko dai ina neman afuwar duk wanda wannan rubutu zai ɓata wa rai. Ban kama sunan kowa ba, amma idan ka ji ka tsargu, to dama an ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Maganar ta daɗe tana ci na, kuma na ga idan ban amayar da ita a wannan fili ba, ban san inda zan kai ta ba, tunda a nan ne 'yan fim da marubuta da mu masu sayen kayansu muke haɗuwa duk wata.

Ni mazaunin Ƙofar Nassarawa ne a birnin Kano. Wani dare bayan sallar isha'i ina zaune a teburin mai shayinmu, can gefen gadar saman nan da aka ɗora a bakin ƙofar a zamanin mulkin Kwankwaso na biyu, sai wasu samari suka kunna wani fim na barkwanci a waya, aka yi musu rumfa ana kallo. Ba zan faɗi sunan fim ɗin ba, domin ba shi kaɗai ne mai laifin ba. An nuno wani mutum wai ɗan gudun hijira ne daga gabas, an sa masa yagaggiyar riga, yana ta kwaɓa Hausa, ya mai da namiji mace, ya mai da mace namiji. Aka ji tausayinsa aka ba shi masauki a soro. Kafin gari ya waye ya cinye tuwon gidan, ya tattara takalman mutane ya ari na kare. Sai wuri ya kaure da dariya, har da masu buga ƙafa a ƙasa. Ni ma, Allah na tuba, na murmusa.

A ƙarshen bencin akwai wani dattijo mai wankin hula, wanda kusan kullum a nan yake shan shayinsa. Sai na ga ya ajiye kofin da saura a ciki, ya ƙirga kuɗi ya miƙa, ya saɓa buhunsa ya tafi, bai ce uffan ba. Bayan ya sha kwana, mai shayi ya dube mu ya ce, "Kun kyauta. Bawan Allahn nan daga Bama ya zo, shekarar da aka ci garin. Da shagonsa, da gidansa, da iyalinsa. 'Ya'yansa biyu har gobe bai san inda suke ba." Wallahi shayin da ban iya ƙarasawa ba ke nan.

Abin da ya ƙara ƙona mani rai shi ne, da na sake leƙa wayar, sai na ga jarumin fim ɗin, wato mai gidan da aka yi wa satar, hular Bama ce a kansa, an kafa ta an karya ta a goshi. Hular ta yi kyau an ɗora a kai, mai ɗinka ta kuwa ya zama abin dariya. Haba jama'a!

WAI SHIN INA MUKE?

Bari in tuna wa mai karatu, ko da ya manta. A watan Agusta na 2014 'yan Boko Haram suka kama Gwoza. A Satumba suka kama Bama. A ƙarshen Oktoba suka shiga Mubi har suka canza mata suna. A Janairun 2015 aka yi ta'asar Baga. Fiye da mutum miliyan 2 rikicin nan ya raba da gidajensu. Wasu suka tsaya Maiduguri da Yola, wasu suka tsallaka Diffa a Nijar, wasu sansanin Minawao a Kamaru, wasu kuma masu ɗimbin yawa suka hau duk motar da suka samu, ba ta sauke su ko'ina ba sai Kano. Mafi yawansu ba sansani suka shiga ba. Cikin unguwanni suka ɓace, musamman na kan hanyar Maiduguri irin su Hotoro da Mariri, wannan ya raɓa da ɗan'uwa, wancan ya kama ɗaki ɗaya shi da mutum goma, wani kuwa sai kango. A 2015 gwamnatin Kano ma ta ɗauko marayu 100 daga Borno ta sa su makarantar kwana a Mariri.

Wannan bai lafa ba sai ga na 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato. A 2019 dubban mutanenmu suka tsallaka iyaka zuwa ƙauyukan jihar Maraɗi don tsira da rai. Waɗanda suka yo gabas kuwa, ka zo ƙarƙashin gadojin Kano da sassafe ka ga mata da goyo. Ka tambayi ɗaya daga ina take, za ta faɗa maka sunan ƙauyen da a da take da rumbu da awaki a cikinsa.

To, a tsawon waɗannan shekaru fiye da goma, finafinai nawa industiri ta fitar? Littattafai nawa aka rubuta, na takarda da na waya? Ba su ƙirguwa. A cikinsu an yi kishiya ta haukata kishiya, an yi ɗan mai kuɗi ya so 'yar talaka, an yi rikicin gado, an yi aljani ya auri mutum. Amma mutumin da ya kwana da arziƙinsa ya wayi gari yana wankin hula a birnin da bai san kowa ba, ina nasa labarin? Idan ka gan shi a fim ɗinmu, ɗayan uku ne: ko wawa ne a yi dariya, ko ɓarawo ne a yi hattara, ko kuwa mabaraci ne da aka ajiye a bakin titi don jarumi ya sauke gilashin mota ya miƙa masa dubu ɗaya, jaruma ta gani ta ce lallai wannan mijin aure ne. Ko suna ba a ba shi.

LABARIN SHARKASAWA

Abin da ya sa na ga lallai sai na yi wannan rubutu shi ne wani fim da na ci karo da shi mai suna Cherkess, wanda wani marubuci kuma darakta ɗan ƙasar Jodan, Mohydeen Quandour, ya fitar a 2010. Labarin kakanninsa ne ya ɗauka, wasu mutane da Larabawa ke kira Sharkas, su kuma suna kiran kansu Adige. Mu ce musu Sharkasawa. Na san da yawa daga cikin masu karatu ba su taɓa jin sunansu ba, don haka a yi mani haƙuri in ɗan yi bayani.

Sharkasawa mutanen duwatsun Kaukasus ne, a gabar Bahar Aswad, kuma mafi yawansu Musulmi ne. Sun yi shekara 101 suna gwabzawa da daular Rasha, daga 1763 zuwa 1864. Ranar 21 ga Mayu, 1864 sojojin Rasha suka yi faretin cin nasara a wani kwari da ake kira Kbaada, daga nan aka tasa ƙeyar mutanen zuwa bakin teku, aka loda dubban ɗaruruwansu a jiragen ruwa zuwa ƙasar Daular Usmaniyya ta Turkawa. Wasu jiragen suka nutse. Waɗanda suka isa tashoshin Tarabzon da Samsun, yunwa da agana da zazzaɓi suka yi ta ɗibar su. Har ana cewa akwai jikokinsu da ba sa cin kifin wannan teku, saboda a ganinsu naman kakanninsu kifin ya ci. A 2011 majalisar ƙasar Jojiya ta amince cewa abin da aka yi musu kisan ƙare dangi ne. A 2014 kuwa, shekara 150 cif bayan korar, a daidai wancan kwari na faretin aka yi wasu daga cikin wasannin Olamfik na Sochi, su kuma suka yi ta zanga-zanga a ƙasashen da suke.

Ba sau ɗaya aka kore su ba. Waɗanda Turkawa suka zaunar a yankin Balkan, yaƙin 1877 zuwa 1878 ya sake tayar da su. A 1878 ayarin farko ya isa wani wuri da ake kira Amman. A lokacin ba gari ba ne, kufai ne na tsohon birnin Rumawa, sai maɓuɓɓugar ruwa da makiyaya ke zuwa shayar da dabbobi. A cikin koguna suka fara kwana, da kangon wani tsohon dandalin wasan kwaikwayo na dutse. Ba sa jin Larabci. Larabawa makiyaya suna ganin an kawo baƙi an ɗora musu a kan ruwansu da makiyayarsu, aka yi ta rikici har da zubar da jini, irin dai wanda muka sani tsakanin manomi da makiyayi. Sannu a hankali aka yi sulhu, aka ƙulla amana. Suka yi noma, suka shigo da amalanken shanu, suka yi aikin layin dogo na Hijaz. Da aka kafa majalisar gari a 1909, Basharkashe ne, Isma'il Babuk, ya zama magajin garin Amman na farko. Da Sarki Abdullahi ya zo a 1921 ya mai da garin hedkwatarsa, su suka zama dogaransa, kuma har yau za ka gan su a fadar Jodan da doguwar rigarsu da hular gashi. A 1950 ɗansu Sa'id al-Mufti ya zama firayim minista. Wannan kufai da 'yan gudun hijira suka raya, yau shi ne babban birnin ƙasar, mai mutane miliyoyi.

'Yan'uwansu da aka zaunar a tuddan Golan na ƙasar Siriya ba su yi wannan sa'a ba. Yaƙin 1967 ya kore su daga Kunaitira da ƙauyukanta zuwa Dimashƙa, yaƙin da ya ɓarke a 2011 ya sake watsa wasunsu. Kaka ya yi gudu, jika ya yi, tattaɓa-kunne ma ya yi. Kuma zama a sabon gari ba kyauta ya zo musu ba, domin da yawa daga cikin matasansu yau ba sa iya magana da harshen iyayensu.

To, ga inda nake so 'yan fim su buɗe kunne. Shi wannan fim na Quandour, me kuke zaton ya ɗauko don ya ba da wannan labari mai nauyi? Soyayya! Saurayi Basharkashe, budurwa 'yar Larabawa makiyaya, iyaye ba sa jin harshen juna, ga rikicin ruwa da ƙasa a tsakani. Har da kiɗa da rawar gargajiya a ciki. Wato duk kayan miyan da kuke taƙama da su ya yi amfani da su, sai dai shi ya san abin da yake dafawa. Mutanen da aka kora shekara 160 da suka wuce suna da fim, suna da littattafai, suna da ranar tunawa duk 21 ga Mayu. Mu namu na jiya-jiyan nan, masu shi suna raye, suna shan shayi a benci ɗaya da mu, mun mai da shi wasan yara.

KANON MA WA YA GINA TA?

Wani zai ce ai wannan labarin wasu ne can. To mu dawo gida. Duk wanda ya leƙa tarihin Kano ya san labarin Dagaci, wani babban basarake da ya taso daga ƙasar Borno da jama'arsa da malamansa da tambura da tutoci a zamanin Sarki Dauda, wanda ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438. Masana da dama na ganin rikicin sarauta ne ya koro shi. A Bompai ya fara sauka. Sarki bai sa an kore shi ba, shawara ya yi da fadawansa, aka gina masa gida a Ɗorayi, har ta kai in sarki zai fita yaƙi shi yake bar wa riƙon gari. Shekara 600 ke nan da Kano ta karɓi mai gudu daga Borno ta ɗaukaka shi. Mu jikokin masu wancan hali, yau mai gudu daga Borno muke yi wa dariya.

Ka bi sunayen unguwanni ka sha mamaki: Zangon Barebari, Agadasawa, Tudun Nufawa, Ayagi, Dandalin Turawa inda Larabawan Tarabulus da Gadamas suka zauna, Sharifai da ke danganta kansu da zuwan Shehu Magili a zamanin Rumfa, ga Wangarawa da suka zo daga Mali tun zamanin Yaji. Kantin Kwari sunan Kwarori ya ɗauka. Kai hatta silimar da ta haifi sana'arku, Kwarorin nan 'yan Labanan ne suka gina gidajenta na farko, irin su Rex a 1937, kuma su suka riƙa shigo da finafinan Indiya da kuka tashi kuna kallo. Bisa al'ada, ranar Hawan Nassarawa ta wannan ƙofa tamu sarki yake fita, ya je gidan gwamnati, ya zaga ta Sabon Gari da Fage, baƙin gari su gan shi ya gan su. Ba banza aka ce Kano tumbin giwa ba.

Shi kansa Buzu maigadi da kuka mayar abin wasa, mai rawani da butar shayi da takobi, kun taɓa tambayar abin da ya ajiye shi a ƙofar gidan Alhaji? Farin 1973 da 1974 ne ya kashe raƙuma da shanun iyayensa, mutumin da yake da garke ya dawo yana buɗe wa wani ƙofa. Mutanen Chadi ma yaƙin basasarsu ya koro su nan, kuma a nan Kano aka zauna taron sulhunta shugabanninsu a watan Maris na 1979.

Sannan kada mu manta mu ma mun yi gudun. Shehu Usmanu ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804. Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da jama'a, aka kashe shi a Burmi, ɗansa Mai Wurno ya ƙarasa da sauran har bakin kogin Nilu a Sudan, inda garin da suka kafa yake ɗauke da sunansa har yau. A Yulin 2022, bayan zaman fiye da shekara 100, an kashe Hausawa a jihar Bulunayil ta Sudan a rikicin da tushensa shi ne wai su baƙi ne, ba su da ƙasa. Ranmu ya ɓaci, mun yi ta Allah wadai. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, Hausawan zango da yawa suka dawo da abin da hannu zai iya ɗauka. Kuma mu ne fa al'ummar da ke ƙirga shekarunta daga hijira. Yaranmu sun haddace labarin Najjashi na Habasha da na mutanen Madina da suka raba dukiyarsu da baƙinsu. Muna kallon wannan a fim ɗin Arrisala na Mustapha Akkad muna hawaye, mu fito waje mu yi wa muhajirin unguwarmu dariya.

UZURIN DA AKE KAWOWA

Na taɓa kai wa wani furodusa labari a kan wata mata da ta zo Kano daga Gwoza da 'ya'ya uku. Bai ƙarasa shafi na biyu ba ya turo mani takardun ya ce, "Malam, wa zai sayi wahala? Mutane da yunwarsu za ka ƙara musu da kuka? Kawo mana na soyayya." Wannan shi ne uzuri na farko, wato kasuwa.

Amsata ita ce, ku dubi iyayen gidan naku. Da aka raba Indiya da Pakistan a 1947, fiye da mutum miliyan 10 suka bar gidajensu. Masana'antar fim ta Bombay cike take da waɗanda abin ya shafa: B.R. Chopra daga Lahore ya taso, iyalin Sunil Dutt gudu suka yi, marubuci Gulzar mahaifarsa tana ɓangaren Pakistan. Ba su ɓoye tabon ba. Sun yi Garm Hava a 1973, sun yi Refugee a 2000, fim ɗin da Abhishek Bachchan da Kareena Kapoor suka fara fitowa a ciki, sun yi Gadar na Sunny Deol a 2001, wanda yana cikin finafinan da suka fi kawo kuɗi a zamaninsa. Da waƙa, da rawa, da faɗa, da kuka, duk a ciki. Kun kwaso rawar, kun kwaso zagaya bishiya, kun kwaso har yadda ake juya ido, amma zuciyar da ke sa mutum ya kalli ciwon ƙasarsa ya mai da shi labari, ita kun baro ta a can.

A gida ma ai an gwada an gani. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976, labarin wane ne in ba yaron da aka raba da garinsu da uwar da ta bi sahara tana neman sa ba? Ga shi har yau ana karanta shi. Da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta mata a 2016, labarin da ya zo na ɗaya sunansa Sansani, na Aisha Muhammad Sabitu, kuma a kan 'yan gudun hijira yake. Ina jinjina mata, da sauran 'yan ƙalilan da suka taɓa wannan fage. A 2020 aka yi The Milkmaid, fim da Hausa a kan matan da 'yan ta'adda suka sace, Nijeriya ta tura shi gasar Oscar, 'yarmu Maryam Booth ta ci kyautar AMAA da shi. Wa ya shirya? Desmond Ovbiagele, mutumin kudu. Harshenmu, 'yan wasanmu, ciwonmu, amma sai da wani ya zo daga nesa ya ga akwai labari. Idan wannan bai ba mu kunya ba, ban san abin da zai ba mu ba.

Uzuri na biyu shi ne tsoro, kuma wannan ba zan raina shi ba. Mu da muke Kano ranar 20 ga Janairu, 2012, da ranar Juma'ar 28 ga Nuwamba, 2014 da aka kai hari babban masallaci, ba sai an ba mu labari ba. A lokacin ko sunan mutanen nan ba a iya faɗa da ƙarfi. Tsoron nan ne ya sa wasu masu gidaje suka riƙa hana duk wanda ya ce daga Borno yake haya, aka haɗa wanda aka kora da wanda ya koro shi aka yi musu kuɗin goro. Na fahimci wanda ya yi shiru a wancan lokaci. Amma ni ban ce ku yi fim ɗin daji da bindiga ba. Cewa na yi ku yi fim ɗin abin da ya biyo baya: ranar farko a tasha, neman ɗaki, yaron da aka sa a aji ba ya jin abin da malam ke faɗa, dattijon da a garinsu shi ake gaisarwa yau shi ke gaida yaran shago, budurwar da aka fasa aurenta don an ce ba a san asalinta ba. Wane ɗan ta'adda ne zai biyo ka don ka nuna wannan? Kuma in tsoro ne ya hana ku faɗin gaskiyarsu, me ya sa bai hana ku yi musu ba'a ba?

Uzuri na uku wai ba kuɗi. Jama'a, fim ɗin da za a yi shi a ɗaki ɗaya da tsakar gida da bakin titi, shi ne ya fi tsada, ko wanda ake hayar gidan bene da motoci biyar da leshi kala goma? Yanzu ma da ba a jiran ɗan kasuwa ya sayi kaset ko faifai, kowa na sakin nasa a YouTube kashi-kashi, wa ya riƙe hannun wani?

Gaskiyar magana ita ce lalaci ne da rashin bincike. Zama da mutum a saurare shi aiki ne. Kwaikwayon karyayyar Hausarsa kuwa ba ya buƙatar komai.

ABIN DA NAKE ROƘO

Kullum aka yi hira da ɗan fim a mujalla sai ya ce su masu faɗakarwa ne, su madubin al'umma ne. To madubin da ke nuna mai gida ya ɓoye baƙonsa, a kai shi gyara. Ban ce ku mai da ɗan gudun hijira waliyyi ba. A cikinsu akwai nagari akwai mugu, kamar kowa. Ban kuma ce a daina barkwanci ba, ai tsakanin Bahaushe da Babarbare da Bafillace wasa ya girmi kakanninmu. Amma wasan dangi da wanda yake tsaye ake yin sa, ba da wanda ya faɗi ba.

Marubuta, ku ajiye waya ku fita. Ku je wurin matan Borno masu haɗa turaren wuta da humra da gyaran amare, waɗanda yau da wuya a yi bikin 'yar gata a Kano ba su sa hannu ba, ku tambaye su yadda suka fara. Ku je wurin masu ɗinkin hula da masu bandar kifi. Ku nemi izininsu kafin ku ɗauki labarinsu, ku sakaya sunansu, in an samu riba a tuna da su. Daraktoci, in za ku sa Babarbare ko Bamarge ko mutumin Gwoza a fim, ku nemo mai jin harshen ya yi maganarsa daidai, a fassara a ƙasa, kamar yadda Quandour ya bar mutanensa suka yi nasu harshen. Ita kuma Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda tun 2001 take auna tsawon mayafi da yawan rawa, ina roƙon ta ta riƙa auna wulaƙanta bayin Allah ma, domin shi ma rashin tarbiyya ne. Mu kuma 'yan kallo, mu ne masu dariyar. Ranar da muka daina, za a daina yi.

Yaran nan da suka zo Kano a goye a 2014 yanzu sun shiga sakandare. Hausarsu ta fi tawa fita, Kananci ne zalla. Nan da shekara ashirin a cikinsu za a sami alƙali da likita da babban ɗan kasuwa a Kwari, wataƙila har da darakta. Ranar da ya waiwaya ya nemi yadda finafinan Hausa suka nuna uwarsa da ubansa a shekarun da suka fi kowane zafi a rayuwarsu, me zai tarar? Wanda ya cinye tuwo ya saci takalmi?

Dattijon nan dai tun daga wannan dare bai sake zama a teburin ba. Nakan kai masa hulunana wanki, mu gaisa, in yi ta juya yadda zan ba shi haƙuri, bakina ya ƙi buɗuwa. Ba ya karanta boko, don haka wannan rubutu ba zai gani ba. Ku da kuka gani, gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, wanda kuma ya riga ya zama namu, Allah ya ba mu ikon riƙe shi da mutunci. Allah ya sa mu gane, amin.